Kaylia Nemour: Ƴar Aljeriyar da ta kawo wa Afirka zinariyar farko a wasan alkafura

Ranar Lahadi 4 ga watan Agusta 2024, a babban zauren wasanni na Bercy da ke birnin Paris, wata yarinya ƴar shekara 17 mai suna Kaylia Nemour ta ci lambar zinariya a gasar Olamfik da sunan maƙwabciyarmu Aljeriya. Wasan da ta ci shi ne wanda ƴan lakkal suka sani da jimnastik, Hausawa kuma ke ce masa wasan alkafura. Kafin wannan rana babu ɗan Afirka ko ɗaya, mace ko namiji, da ya taɓa samun lamba a wannan wasa a Olamfik, ko da ta tagulla ce. Ga bayani a kan wasan, da ita yarinyar, da kuma inda zancen ya taɓa mu a nan Damagaram.

Wane irin wasa ne?

Duk wanda ya tashi a Birni ko Zango, ko a ƙauyukan Mirriya da Magariya, ya ga yara suna alkafura a kan yashi, wani ya tsaya a kan hannu, wani ya juya baya ya dira a kan ƙafa. To shi ne dai asalin abin, sai dai an sa masa doka da kayan aiki da alƙalai. Hukumar duniya da ke kula da shi an daɗe da saninta da sunan FIG. An kafa ta a 1881, mazauninta kuma yana birnin Lozan na ƙasar Siwis. Mata sun fara shiga wannan wasa a Olamfik a 1928, a birnin Amsterdam.

Mata suna karawa a fanni huɗu. Na farko tsallake teburi: yarinya ta sheƙo da gudu daga nisan da bai wuce mita 25 ba, ta taka wani katako mai cilla mutum, ta dafa teburi mai tsayin santimita 125, ta juya a sama, ta dira. Na biyu sanduna biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ta saman ta ɗan haura mita biyu da rabi, ta ƙasan kuma santimita 175. Yarinya takan kama sanda ta yi ta kewaya ta, ta saki, ta tashi sama, ta sake cafkewa, ta koma ɗayar, ba tare da ta tsaya ba. Na uku tafiya a kan azara. Mun ce azara don ku gane siffarta: katako ne mai tsawon mita 5, faɗinsa santimita 10 kacal, an ɗaga shi santimita 125 daga ƙasa, kuma a kansa ake alkafura. Na huɗu wasan fili, a kan shimfiɗa mai mita 12 tsawo da mita 12 faɗi, ana yi da kiɗa, bai wuce daƙiƙa 90 ba.

Akwai lamba ga kowane fanni shi kaɗai, akwai lambar jimilla ga wadda ta fi maki idan aka haɗa fannonin huɗu, akwai kuma ta ƙungiya. Kaylia tana yin duka huɗun, amma inda ta gagara shi ne sanduna.

Yadda ake ba da maki

Dattawa masu bin wasanni ba su manta Nadia Comaneci ta ƙasar Romaniya ba, wadda a 1976 a birnin Montreal na Kanada, tana ƴar shekara 14, ta samu maki 10 cif, wato babu kuskure ko ɗaya. A kan sanduna ta fara samun wannan maki. Tun 2006 an canza tsarin, shi ya sa yanzu za ku ji an ce wance ta samu 14 ko 15.

Makin yanzu kashi biyu ne ake haɗawa. Kashi na farko makin wahala. Kowace juyawa tana da darajarta a littafin doka, daga harafin A mai daraja 0.1 zuwa J mai daraja 1.0. A sanduna da azara da fili, alƙalai na ƙirga juyi takwas mafi wuya da yarinya ta yi, su ƙara mata lada idan ta haɗa masu wuya a jere babu tsayawa. Kashi na biyu makin tsabtar aiki. Shi daga 10 ake farawa ana ragewa: ƙafa ta buɗe, a rage, gwiwa ta lanƙwashe, a rage, an dira an yi taku, a rage. Faɗuwa kuwa maki ɗaya ne cur, kuma wadda ta faɗo daga sanduna daƙiƙa 30 gare ta ta koma ta ci gaba. A gasar da tazarar ta ɗaya da ta biyu ba ta kan wuce 0.1 ko 0.2 ba, kun ga faɗuwa guda ta gama zance.

Akwai kuma dokar shekaru. Tun 1997, yarinya ba ta shiga gasar manya sai a shekarar da za ta cika 16.

Asalinta da ƙuruciyarta

An haifi Kaylia Nemour ranar 30 ga Disamba 2006 a Saint-Benoît-la-Forêt, wani ɗan ƙauye kusa da garin Chinon a tsakiyar Faransa. Mahaifinta ɗan asalin Aljeriya ne, danginsa na yankin Constantine, mahaifiyarta kuma Bafaranshiya. Tana ƴar shekara 4 ta fara wasan, a ƙungiyar Avoine-Beaumont da ke kusa da gidansu. Avoine ƙaramin gari ne, amma ƙungiyarsa ta yi suna wajen fitar da ƴan wasan da ke shiga tawagar Faransa. Waɗanda suka horar da ita shekara da shekaru mata da miji ne, Marc da Gina Chirilcenco.

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A wannan wasa maganar haka take ƙiri-ƙiri. Yarinyar da ake sa ran za ta kai matakin duniya tana atisaye kusan kullum, awoyi da yawa, ga kuma karatu. Tafin hannu yakan yi kanta ya tsage, shi ya sa suke ɗaura fata a hannu su shafa farin alli kafin su kama sanda. Tun tana cikin ƙanana aka san Kaylia a Faransa, ana lissafa ta cikin waɗanda za su wakilci ƙasar idan Olamfik ta zo Paris a 2024.

Ciwon gwiwa da saɓani da hukumar Faransa

A 2021 ta yi saurin tsawo, sai ciwo ya kama ta a gwiwoyi biyu. Ciwo ne da ke taɓa guringuntsi da ƙashin da ke ƙarƙashinsa, yakan samu yara masu tasowa da ke wahalar da gaɓoɓinsu. An yi mata tiyata a kowace gwiwa, ta yi watanni ba ta wasa.

Da ta warke, likitan da ya yi mata aiki ya ce za ta iya komawa. Likitan hukumar jimnastik ta Faransa ya ƙi sa hannu. Hukumar ta ce lafiyar yarinyar take karewa. A daidai lokacin kuma akwai wata taƙaddama tsakanin hukumar da ƙungiyar Avoine-Beaumont, don hukumar na son tara ƴan wasan da ake shirya wa Olamfik a cibiyoyinta, Kaylia da iyayenta kuwa sun fi son ta zauna a gida wajen masu horar da ita. Magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, lokaci kuma yana tafiya.

Nan ne ta juya ga ƙasar mahaifinta. A watan Yuli 2022 hukumar FIG ta amince ta koma wasa da sunan Aljeriya. Sai dai hukumar Faransa ba ta sake ta ba, kuma bisa doka, in tsohuwar ƙasa ba ta yarda ba, sai ɗan wasa ya jira shekara guda kafin ya shiga gasannin FIG. Wannan jira zai kai ta Yuli 2023. Matsalar ita ce gasar Afirka a watan Mayu za a yi ta, kuma ita ce ƙofar zuwa gasar duniya, gasar duniya kuma ita ce babbar ƙofar zuwa Olamfik. In ta rasa ta farko, sauran ma sun shiga haɗari.

Cikin wannan jira ta samu shiga gasar ƙasashen Larabawa da aka yi a birnin Oran a watan Oktoba 2022, ta ci zinariya a sanduna. Zancen ya yi ta yawo a kafofin labarai har ministar wasanni ta Faransa ta lokacin, Amélie Oudéa-Castéra, ta sa baki. Ana gab da gasar Afirka hukumar Faransa ta janye, aka sake ta.

Shekarar 2023: Piretoriya da Anvers

A watan Mayu 2023, a birnin Piretoriya na Afirka ta Kudu, Kaylia ta zama zakarar Afirka a jimillar fannoni huɗu. A can ne kuma ta yi wata juyawa a kan sandar sama da ba a taɓa yi a babbar gasa ba: ta shigar da ƙafafu tsakanin hannuwa tana kewaya sanda, ta saki, ta tsallake sandar ta baya jikinta a miƙe sambal, ta sake kamawa. Dokar wasan ita ce duk wadda ta fara yin sabuwar juyawa lafiya a gasar da hukuma ta amince da ita, a sa wa juyawar sunanta. Yau a littafin doka akwai juyawa mai suna Nemour.

A watan Oktoba na wannan shekara aka yi gasar duniya a birnin Anvers na Beljiyam. A wasan ƙarshe na sanduna ta samu 15.033, Qiu Qiyuan ta ƙasar Sin ta samu 15.100. Tazarar ba ta kai 0.1 ba. Kaylia ta ɗauki azurfa, ta zama mutum na farko daga Afirka da ya samu lamba a gasar duniya ta wannan wasa. A jimilla ta zo ta 8, ta kuma samu tikitin Paris. A farkon 2024 ta bi gasannin kofin duniya ta ci zinariyar sanduna a Cottbus ta Jamus, da Baku ta Azarbaijan, da Doha ta Ƙatar.

Paris 2024

Ikon Allah, a ƙasar da aka haife ta aka yi gasar, ita kuma sanye da tutar Aljeriya. A zagayen tankaɗe da rairaya ta fi kowa maki a sanduna da 15.600. A wasan ƙarshe na jimilla, wanda Simone Biles ta Amurka ta ci, Rebeca Andrade ta Barazil ta zo ta biyu, Sunisa Lee ta Amurka ta uku, Kaylia ta zo ta 5 a duniya.

Ranar 4 ga Agusta mutum takwas suka fito wasan ƙarshe na sanduna. Qiu Qiyuan, wadda ta kayar da ita a Anvers, ita ta hau kafin ita, ta yi aiki mai tsabta ta samu 15.500. Wannan maki ne da a yawancin gasanni ya isa zinariya. Sai Kaylia ta hau. Makin wahalarta 7.2, na tsabtar aiki 8.5, jimilla 15.700. Wasan duka bai kai minti ɗaya ba. Da makin ya fito sai ta fashe da kuka, ta yafa tutar Aljeriya, zauren ya ɗauki sowa, Faransawa da ƴan Aljeriya baki ɗaya. Qiu ta ɗauki azurfa, Sunisa Lee ta ɗauki tagulla da 14.800. Nina Derwael ta Beljiyam, wadda ta ci zinariyar sanduna a Tokyo, ta zo ta 4.

Ita kuwa tawagar mata ta Faransa ba ta ma kai wasan ƙarshe ba, ta tsaya ta 11 cikin ƙasashe 12. Aljeriya ta koma gida da lamba uku: zinariyar Kaylia, zinariyar ƴar dambe Imane Khelif, da tagullar Djamel Sedjati a gudun mita 800. Shugaba Abdelmadjid Tebboune ya karɓe su a birnin Aljas ya karrama su.

Bayan Paris

A 2025 Kaylia ta bar ƙungiyar Avoine-Beaumont inda ta tashi, ta koma birnin Dijon wajen wata mai horarwa, Nadia Massé. Canza mai horarwa bayan shekaru masu yawa ba ƙaramin abu ba ne a wannan wasa, shi ya sa masu bin ta suka zuba ido. A watan Oktoba 2025, a gasar duniya ta birnin Jakarta na Indunisiya, ta ci zinariya a sanduna da 15.566, ta ba wadda ke bi mata tazarar fiye da maki ɗaya. Ta ƙara da azurfa a kan azara, ta zo ta 4 a jimilla. Da wannan ta zama zakarar duniya ta farko daga Afirka a wasan alkafura.

Ba ita kaɗai ba ce ƴar Afirka a fagen. Masar da Afirka ta Kudu sun daɗe suna tura ƴan wasa, kuma Caitlin Rooskrantz ta Afirka ta Kudu na cikin waɗanda suka riƙe tutar ƙasarta a bikin buɗe gasar Paris. A Najeriya, Uche Eke, wanda aka haifa a Amurka, shi ne ɗan ƙasar na farko da ya yi wannan wasa a Olamfik, a Tokyo a 2021.

Inda zancen ya taɓa mu

Nijar lamba biyu gare ta a tarihin Olamfik. Issaka Daboré ya ci tagulla a dambe a birnin Munich a 1972, Abdoul Razak Issoufou Alfaga kuma ya ci azurfa a tekwando a Rio a 2016, ya zama zakaran duniya a 2017. A ɓangaren mata, Aminatou Seyni ƴar Dosso ta zama zakarar Afirka a gudun mita 200 a 2022, ta kuma zo ta 4 a gasar duniya da aka yi a Eugene ta Amurka a wannan shekara. Ƙasa ce kuma mai son wasa. Duk wanda ya taɓa shiga filin kokawa na Langa-Langa a nan Zindar lokacin gasar takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, ya san haka. To me tarihin Kaylia ke nuna mana?

Na farko, maganar ƴaƴanmu na ƙetare. Kaylia a Faransa aka haife ta, a can ta koyi wasa, amma takardun mahaifinta ne suka ba ta hanya lokacin da ƙofa ta rufe, kuma Aljeriya ce ta ci riba. Uche Eke ma haka. Nijar ta halatta riƙe takardun ƙasa biyu tun 2014. Ƴan uwanmu da ke zaune a Faransa, Beljiyam, Jamus, Amurka, Aljeriya ko Libiya, waɗanda ƴaƴansu ke wasanni a makaranta, su sani cewa yi wa yaro takardar haihuwa da ta ɗan ƙasa a kan kari na iya yi masa rana. Su kuma san dokar Olamfik: wanda ya taɓa wakiltar wata ƙasa a babbar gasa, shekara uku yake jira kafin ya wakilci wata, sai fa in hukumomin da abin ya shafa sun yarda a rage. Ke nan gara a yi shawara tun yaro bai sa rigar kowa ba.

Na biyu, lafiyar yara. Yarinyar da ke da likitoci da asibitoci na Turai sai da ciwon gwiwa ya kusa raba ta da wasa tana shekara 14. Yaron da ke kukan gwiwa ko baya ko wuyan hannu kullum bayan wasa, ko kokawa ce ko ƙwallo ko alkafura, a kai shi likita, kada a ce ragwanci ne. Alkafurar da yara ke yi a kan yashi ma, kada a bari su yi ta a kan siminti ko daga saman katanga, don faɗuwa a kan wuya na iya kwantar da mutum har ƙarshen rayuwarsa. Amana kuma wajibi ce. A Amurka, a 2018, kotu ta ɗaure Larry Nassar, tsohon likitan tawagar jimnastik ta ƙasar, saboda cin zarafin ƴan mata masu yawan gaske da aka damƙa masa. Duk inda ake horar da ƴan mata, iyaye su san wanda ke horarwa, su riƙa leƙawa, a kuma sa mata cikin masu kula.

Na uku, sutura, wadda ita ce tambayar farko da uba ko uwa za su yi a nan. Dokar FIG ta yarda mace ta sa rigar da ta rufe hannuwa da ƙafafu har idon sawu. Ƴan wasan Jamus sun sa irinta a gasar Turai da kuma Olamfik ta Tokyo a 2021, kuma ba a rage musu maki ba. Wannan bai warware dukkan abin da iyaye da malamai za su duba ba, amma yana da kyau a san abin da dokar ta ce kafin a yanke hukunci.

Na huɗu, kayan aiki. Sanduna da azara da teburi da katifun dira daga waje ake sayo su, suna da tsada, suna kuma buƙatar zaure mai rufi da ƙwararren mai horarwa. Sai dai matakin farko, wato mirginawa, tsayuwa a kan hannu, miƙe jiki da koyon dira, katifa da malamin motsa jiki kawai yake buƙata. Kuma wannan tushe yana amfanar ɗan kokawa, da mai gudu, da ɗan tekwando. Aiki ne da lakkal za ta iya farawa, in malaman da cibiyar INJS ta Yamai ke yayewa sun samu katifu da lokaci a jadawalin aji.

Muhimman shekaru a taƙaice

2006: an haife ta a Saint-Benoît-la-Forêt, Faransa, ranar 30 ga Disamba.

2021: tiyata a gwiwoyi biyu.

2022: FIG ta amince ta koma Aljeriya, zinariyar sanduna a gasar Larabawa a Oran.

2023: zakarar Afirka a Piretoriya, azurfa a gasar duniya a Anvers.

2024: zinariyar Olamfik a sanduna a Paris da maki 15.700; ta 5 a jimilla.

2025: zinariya a sanduna da azurfa a azara a gasar duniya a Jakarta.

Abin da ke gaba shi ne Olamfik ta 2028 a birnin Los Angeles na Amurka, lokacin Kaylia na da shekara 21. Birnin Dakar na Senigal kuma shi aka ba ɗaukar nauyin Olamfik ta matasa daga 31 ga Oktoba zuwa 13 ga Nuwamba 2026, karo na farko ke nan da aka ba wata ƙasar Afirka wata gasa ta Olamfik. Allah ya ba mai rabo sa'a, ya kuma tsare mana ƴaƴanmu na gida da na ƙetare.